Shuɗin Dutsen Hamadu da Rabin Gaskiyar Alhaji

Shekarar da na ƙetare iyaka, Malam mijina yana da shekara biyu a ƙasa, masaƙun Kaduna sun gama sallamar mutane, wayar hannu kuma ta shigo amma sai a aljihun masu hali. Daminar ce kogi ya cika har ya kwashe lambunan bakin ruwa. Jikata ta fari tana rarrafe a lokacin, yau ita ke goyon nata. Ku lissafa da kanku, ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba.

Sunana Tabawa, a Kurmin Mashi ana ce mini Tabawa mai tsakiya. Fataucin kwalli da murjani da tsakiya ne ya kawo ubana Kaduna daga ƙasar Katsina. Tun ina ƙarama, in aka zube duwatsun wuya a faifai, sai in tsince na kwalba in ware gefe kamar mai tsintar shinkafa. Wannan idon ne Alhaji Bawale na Unguwar Dosa ya ji labarinsa. Dillalin ma'adinai ne, bakinsa zuma, turare kamar a ciki yake wanka. Ya ce akwai shuɗin dutse a ƙasar Kamaru, wanda 'yan harka ke kira bulu, yana neman wanda zai tantance masa na wata uku.

"Gwaggo," in ji shi, "idonki ya fi na'urar Turawa."

Na ce, "Na sani, Alhaji."

A Garwa na fara gane cewa na bar gida. Jandarma ya tsare motarmu, ya yi mini magana da Faransanci, na ba shi amsa da Hausa, muka tsaya muna kallon juna kamar akuya da madubi. Nan Alhaji ya karɓe takarduna, wai kada su ɓace a hannun tsohuwa. Na miƙa masa. Duk abin da ya biyo baya, daga wannan miƙawar ya fara.

Gaundare gari ne a kan tudu, sanyinsa yana shiga ƙashi. Daga can muka yi yini guda a bayan akori-kura, har muka sauka a zangon mahaƙa: bukkoki na leda da ciyawa a gefen rafi, ƙasa ja wur, ga kuma baƙaƙen duwatsu ko'ina, waɗansu da 'yan ramuka kamar soson wanka. Tuwon rogo safe da yamma. Na yi sati ina mafarkin ƙosan bakin titinmu.

Aikin ga yadda yake. Maza su haƙo tsakuwa daga ƙarƙashin jar ƙasa, a wanke a rariya cikin rafi, abin da ya yi nauyi ya taru a tsakiya. Shi ake kawo mini. Ba a duba dutse sai da hantsi, don hasken rana tsaka yana yi wa dutse kwalliyar ƙarya, na yamma kuma yana zaluntarsa. Sai in ɗora shi a harshe in ji sanyinsa, in auna shi a tafin hannu, in karta shi a jikin tsakiyar wuyana, don bulu na gaske yana yi wa tsakiya rauni, ita ba ta iya masa komai. Na ƙarshe in ɗaga shi sama in juya. Na gaske launinsa biyu: ta nan shuɗi ne kamar baba, ka juya shi sai ya ɗan karkata zuwa kore. Kwalba launinta ɗaya duk inda ka juya ta, wawiya ce. Alhaji yana zaune a gefena kullum yana kwaikwayo, har ya iya karta dutse da juya shi, yana jin shi ma ya zama gwani.

Wata biyu ban yi kuskure ko sau ɗaya ba. Mahaƙa, waɗanda ke ce wa uwa Dada da Fulatanci, suka riƙa cewa, "A kai wa Dada, abin da ta ce shi ne."

Akwai wani Bafulatani, Hamadu, wanda cuta ta kashe masa shanu ya koma haƙa. Ran nan ya zo ya ajiye mini dutse kamar ƙwallon dabino. Na ɗaga shi. Wallahi sai da na yi salati. Shuɗi ne mai ruwa, ba duhu, ba tsaga.

Na ce, "Hamadu, shanunka sun dawo."

Aka shiga ciniki da Alhaji, ba a daidaita ba har hantsi ya wuce. To al'adar zangon ita ce, in ciniki bai faɗa ba, mai saye ya naɗe dutsen a takarda a gaban mai shi, a liƙe, a ba mai tantancewa ajiya sai gobe, don kada wani dillali ya shiga tsakani. Alhaji ya naɗe da hannunsa, yana ta zuba, yana ba Hamadu labarin bijimin da zai saya. Ya miƙo mini ƙunshin na sa a lalitata na ɗaure a ƙugu.

Washegari da hantsi, ga Jauro mai unguwar zangon, ga mahaƙa sun taru kallo. Na kwance ƙunshin. Tun kafin ya taɓa harshena na ji ba shi da nauyi. Gindin shuɗiyar kwalba ne aka fasa aka goge da yashi. Kuma ni da bakina na fara faɗa, don bakina bai saba ganin kwalba ya yi shiru ba.

"Wannan kwalba ce."

Alhaji ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Gwaggo, jiya kin ce bulu, yau kin ce kwalba. Ɗayan biyu ne: ko idonki ya mutu, ko hannunki ya yi tsawo. A wajen wa ya kwana?"

Na ce, "Wa ya naɗe?"

"A gaban jama'a na naɗe. Ke a gaban wa kika kwana?"

Aka yi dariya. Wannan dariyar har yau tana kunnena. Jauro ya ce a bincike ni. Aka sa mata biyu suka shiga da ni bukka, ɗayarsu Dada Asta, matar Hamadu. Suka kwance mini zane. Suka tsefe mini kitso ɗaya bayan ɗaya. Ni Tabawa, mai furfura, mai jika, wadda ko Malam bai taɓa ganin kaina ba ɗankwali da rana ba. Jikin bukkar zana ce, ina jin maza a waje suna cewa a duba bakinta, tsofaffin nan suna haɗiyewa. Ba a sami komai ba. Amma shi rashin samu ba ya wanke mutum, sai dai a ce ya iya ɓoyo.

Kafin azahar Alhaji ya hau babur ya tafi, wai baƙin ciki ya hana shi zama, takarduna suna aljihunsa. Daga baya na ji ya isa Kaduna ya je har ƙofar gidan surukina ya yi jaje, wai na ci amana a ƙasar mutane, kunya ce ta hana ni dawowa.

Wata bakwai na yi a wannan zangon. Ba takarda, ba kuɗin mota, ba mai kawo mini dutse. Na koma wankin tsakuwa a rafi da 'yan matan da na haifi waɗanda suka girme su, ruwa ya ci mini yatsun ƙafa har suka yi fari suka tsage. In na wuce sai a tattare rariya.

Wadda ta fara kawo mini ƙwaryar nono Dada Asta ce, wadda dutsen mijinta ya salwanta. Ta ajiye ta zauna, Hausarta guntu-guntu.

"Dada, ni na kwance kanki. Ɓarawo jikinsa rawa. Ke jikinki zafi. Ni na sani."

Ta zauna ta mayar mini da kitson da hannunta, irin nasu na Fulani. Ban yi kuka ranar da aka tuɓe ni ba, ranar na yi. Amma Hamadu bai ƙara gaishe ni ba, ban kuma ga laifinsa ba.

A wata na huɗu wata mata ta sauka a zangon da mota da guduma. Malama Marta, mai koyar da ilmin duwatsu a wata babbar makaranta, tana jin Fulatanci da 'yar Hausa. Kowa shuɗi yake nema, ita kuwa baƙin dutsen nan da muke jifan kare da shi take fasawa tana sa wa lamba.

Na ce, "'Yar nan, bokon ne ya taɓa ki?"

Ta yi dariya ta ce in zo in ga uwar bulu. Wai duk tudun nan, tun kafin a yi mutane, duwatsu ne masu aman wuta. Baƙin dutsen nan narkakke ya fito daga cikin ƙasa kamar talge, ramukan jikinsa iska ce ta fita yana hucewa. Shi bulu ba a cikinsa aka haife shi ba, can ƙasa ya nuna, wutar ce ta ɗauko shi a hanya ta fito da shi. Ruwan sama ya cinye baƙin ya mayar da shi jar ƙasa, shi kuwa bulu ya gagara, ya gangara rafi.

Na ce, "Ashe shi ma baƙo ne, wani ya kawo shi ya yar."

Tana da wata na'ura mai idon leƙe. Ta sa yankan baƙin dutse, siriri kamar ɓawon albasa, ta ce in leƙa. Jama'a, abin da na raina sai ga shi kamar atamfar biki: ja, ruwan ɗorawa, tsanwa, shuɗi. In ta juya farantin sai wani launi ya mutu wani ya farfaɗo. Ta ce kowane ma'adini da yadda yake karɓar haske ya raba shi, kuma da haka ake gane sunansa. Launi biyun da nake gani a bulu ma daga nan yake, haske ne ke bin hanya biyu a cikinsa. Kwalba ba ta da tsari a cikinta, shi ya sa ba ta iya raba komai. Wai asalin bulu ɗan'uwan alminiyon ɗin da ake ƙera tukunya ne, in ba gauraye fari ne tas kamar ruwa. Ɗan ƙarfe ne da wani ma'adini mai sunan da harshena ya ƙi, ƙanƙane kamar kanwa a miya, suke ba shi shuɗi. In ƙarfen ya yi yawa sai ya yi duhu kamar rigar da aka manta a marina.

Na ce, "Duk wannan na san shi da ido, sunayen ne ban sani ba."

Ta ce, "To ga wanda ba ki sani ba, Mama."

Ta ciro wani shuɗin dutse daga jakarta. Na ɗora a harshe, sanyi. Na karta, ya ji wa tsakiya rauni. Na juya, launi biyu. Na ce na gaske ne, mai tsada ma.

"A masana'anta aka yi shi," in ji ta.

Ban taɓa jin kunya a gaban dutse ba sai ran nan. Ta ce sinadarinsa ɗaya da na gaske, gari ake narkawa a bakin wuta yana ɗiga yana taruwa. Mugaye kan farfasa shi su goge da yashi, har su shafa masa jar ƙasa. Ta jefa shi a farin kofi da ruwa, ta ba ni ɗan madubi mai ƙara girma. A ciki sai ga zane-zane sirara, lanƙwasassu kamar ɗinkin faifai. Ta jefa na gaske: nasa zanen miƙaƙƙu ne masu kusurwa kamar saƙar zuma. Kwana uku ina jefa duwatsu a ruwa har abin ya zauna mini. Da za ta tafi ta bar mini madubin.

A wata na bakwai, da hantsi, ina tsugune a rafi, na ji ƙamshin turare kafin in ji sallama.

"Gwaggo! Ashe rai kan ga rai."

Ban ɗago ba. Na ce, "Wace gwaggon? Mai mataccen ido ko mai dogon hannu?"

Ya tsuguna har babbar rigarsa na shan laka, ya rage murya. Wai wasu baƙi biyu sun zo masa a Gaundare da bulu cike da gwangwanin madara, daga wani sabon rami. Sun ba shi samfuri biyar, zuwa gobe in bai saya ba za su kai wa wani. Ya sayar da motarsa, ya jinginar da gidansa na Unguwar Dosa. Masu ido na cikin gari duk yaran abokan hamayyarsa ne, in ya nuna musu sun ƙwace cinikin.

"Na karta, na juya, launi biyu, yadda kika koya mini. Amma zuciyata ba ta kwanta ba sai kin gani."

Na ce, "A gaban jama'a ka kashe idon nan, a gaban jama'a za ka tashe shi. A kira Jauro, a kira Hamadu. Ka faɗi abin da ka yi, ka ba ni takarduna, sannan in duba."

Ya yi ta murza hula. Amma gwangwanin madara ya fi ƙarfin kunyarsa. Aka taru a inda aka taru wancan karon. Ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Jama'a, an yi ɗan kuskure. Bayan na koma gida sai na tsinci dutsen Hamadu a aljihun wata rigata. Ƙila wajen naɗewa ne ya rikice da wani. Shaiɗan ne. Gwaggo ba ta ɗauka ba."

Na ce, "Kwalbar fa, Alhaji? Ita ma Shaiɗan ne ya goge ta da yashi?"

"Gwaggo, abin da ya wuce ya wuce."

Bai ce ya musanya ba. Bai ce in yafe masa ba. Ko kallona bai yi ba, samfurin da ke hannunsa yake kallo. Jauro ya tsare shi sai da ya biya Hamadu a take, daga cikin kuɗin da ya ɗauko. Hamadu ya zo ya durƙusa a gabana, Dada Asta tana guɗa. Aka miƙo mini takarduna, duk sun yi laushi da gumin aljihu.

Na sa aka kawo farin kofi da ruwa. Alhaji ya ce wannan kuma wane sabon salo ne, na ce wanke su zan yi. Na jefa na farko na leƙa da madubina. Ɗinkin faifai. Na biyu, faifai. Duka biyar ɗin. Na tuna zana, na tuna masu cewa a duba bakina, na tuna ƙofar gidan surukina.

"Yaya, Gwaggo? Kwalba ce?"

"Ba kwalba ba ce."

"Launi biyu?"

"Launi biyu. Kartawa kuma ka karta da kanka."

"Alhamdu lillahi!" Ya tattare duwatsunsa ya yi wajen babur har yana tuntuɓe.

Abin da ya tambaya na ba shi amsarsa, ban yi ƙarya ko ta ƙwayar gero ba. Da ya tsaya ya ce, "Gwaggo, in saya?" ban san abin da zan ce ba, Allah shi ya sani. Bai tsaya ba. Rabin gaskiya ya ba ni, rabin gaskiya na mayar masa, ciniki ya faɗa.

Hamadu ne ya biya mini kuɗin mota har Yola. Na iso Kurmin Mashi da kitson Fulani da tsagaggun ƙafafu, na tarar rabin unguwa ba sa amsa sallamata da baki cike. Na ba da labarin abin da aka yi a gaban Jauro, wasu suka yarda, wasu suka ce ai kowa ya dawo daga nesa da irin labarinsa. Wata biyu bayan haka aka ji Alhaji ya kai gwangwaninsa wajen manyan masu saye a ƙasar waje, suka leƙa da na'ura suka turo masa abinsa. Gidan Unguwar Dosa ya tafi. Ya dawo yana cewa na cuce shi. Na ce a tambaye shi, yaya ɓarauniya mai mataccen ido ta zama wadda ya jingina gidansa a kan maganarta? Daga nan ya daina yawo da maganar.

An sha turo mini malamai. Wani ya ce, "Hajiya, mai yafiya shi ke da riba." Na ce, Malam, ban hana ba. Sharaɗina shi ne Alhaji ya zo ƙofar masallacinmu bayan sallar Juma'a, a unguwar da ya shuka maganar, ya ce shi ya goge kwalba ya naɗe da hannunsa. Ya kawo ɗaya rabin, ni ma in faɗi abin da na gani a kofi na yi shiru, mu yafi juna a je gaban Allah da sauƙin kaya. An kai masa saƙon sau uku, har yau bai zo ba.

Cikin waɗanda suka ga wannan abu, Jauro ya rasu. Dada Asta ta rasu shekarar da aka yi mini aikin ido, Allah ya haskaka kabarinta. Malama Marta ban ƙara jin ɗuriyarta ba, in tana raye Allah ya ba ta abin da take nema a baƙin dutse. Hamadu yana nan da shanunsa, duk sallah sai ya kira ni a waya. Alhaji Bawale yana nan, yana zama a benci a ƙofar shagon ƙanensa a Unguwar Sarki, turare ya ƙare. Duk Juma'a nakan sa mai keke ya bi ta wajen ya rage gudu, in leƙo in ce, "Alhaji, ya kasuwa?" Sai ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Sai ni. Kuma kullum in na idar da sallah, cikin waɗanda nake roƙa wa tsawon rai har da shi. Kada ya kuskura ya mutu da sauran maganata a bakinsa.